Baba Kashe-Waya, Mai Gadin Faifan Taurari

Kullum kafin motar ma'aikata ta iso, Baba Kashe-Waya ya share bakin ƙofar cibiyar binciken taurari, ya ɗora akwatinsa na ƙarfe a kan benci. Duk mai shiga sai ya kashe wayarsa ya jefa a ciki. A bayan katangar akwai ƙaton faifan ƙarfe da ya fi filin ƙwallo faɗi, wanda masana ke sauraron taurari da shi. Abin da yake jiyowa daga sama ba shi da ƙarfi ko kaɗan, waya ɗaya a aljihu ta isa ta lalata aikin yini.

Baba yana saurayi aka ɗauke shi lebura wajen ginin faifan. Da igiya a ƙugu ya riƙa hawa yana ɗaure allunansa, har ƙarfe ya datse masa yatsu biyu. Da ƙarfi ya ja baya aka ba shi ƙofa, ya riƙe ta tsakani da Allah. Ɗalibai na tsokanarsa wai ko aljani ya zo sai ya laluba masa aljihu.

Watan jiya wani babban baƙo ya zo da jerin motoci, waya manne a kunne. Baba ya miƙa akwati.

"Ranka ya daɗe, a kashe a saka nan."

"Kai tsoho, ka san da wa kake magana?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Faifan ma bai sani ba."

Aka ture shi gefe. Suka shiga suna ɗaukar hotuna da wayoyinsu, suka lalata sauraron da wata ɗaliba ta daɗe tana jiran layinsa. Amma wa aka ga laifinsa? Baba! Shugaban cibiyar ya kira shi ofis, ya ce ko ya je ya durƙusa ya ba baƙon haƙuri ya yi ritaya da mutuncinsa, ko a sallame shi da sunan rashin ladabi.

Baba ya ce, "Yallaɓai, ranar da uwar 'ya'yana ta yanke jiki ta faɗi, wayata tana cikin akwatin nan. 'Yata ta kira har ta gaji, sai da ta tako da ƙafarta. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Ban taɓa zargin dokar ba. Yanzu in je in ce kuskure na yi?"

Aka sallame shi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masanan da suka yi suna da faifan nan. Sun san gaskiyarsa sarai, amma kowa ya sunkuyar da kai ya shige ofis. Kunya ba ta kama ku ba?

Baba, kai ne ka ɗaure faifan da hannunka, kai ne ka tsare masa shiru da abin da ya fi yatsu tsada. Na gaishe ka, namijin duniya. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Ku kuma da aka damƙa wa wata ƙofa, ku tsaya a bakinta kamar yadda ya tsaya. In ba za ku iya ba, to ranar da aka ture mai tsayuwar, ko bakinku ku buɗe. Baba shi kaɗai ya fita ranar, ko mai raka shi bakin titi bai samu ba.