Ƙofa Mai Lanƙwasa Goma Sha Huɗu

Shekarar da na gama jami'a a Yamai na dawo ƙauyenmu kusa da Tarka, kaina ya kumbura har hula ba ta zama. Shekara biyu na yi a kan wasu sunadarai da ke jikin fatar ƙwayoyin hanji, dangi guda ne, aikinsu aikin ƙofa. Duk wanda ya gaishe ni sai ya sha bayani, har mai tallar goro.

Ranar nan ɗiyar yayata, 'yar shekara biyu, ta kwana biyu tana zawo. Idanu sun faɗa, kuka ba hawaye. Yaya ta hana ta ruwa, wai yana ƙara gudun. Likita kuwa tafiyar rabin yini ce a amalanke.

Na tsuguna na zana a rairayi. Na ce, "Yaya, kin ga ƙofar nan? Sau goma sha huɗu ta ratsa fatar, kamar ɗinkin baduku. Gishiri biyu, sukari ɗaya, tare take shigar da su, ruwa ya biyo baya."

Ta ɗauko kwanon ruwa da gishiri da sukari ta ce, "To malam, nawa zan zuba?"

Wallahi ban sani ba. Ban taɓa haɗawa da hannuna ba. Amma in ce ban sani ba gaban mata? Na karɓi kwanon, na zuba sukari yadda muke zuba wa shayi a Damargu, har cokali na tsayawa. Ni da na rubuta da hannuna cewa sukari in ya yi yawa, janyo ruwa yake daga jiki!

Gwaggonmu, wadda ba ta taɓa taka ƙofar lakwal don karatun boko ba, ta fizge kwanon ta ɗanɗana ta tofar. "Kai, ɗan nan! Baƙi za ka tara ko yarinya za ka kashe?" Ta ɗebo dafaffen ruwa, gishiri da yatsu uku, sukari ɗan tafin hannu, yadda ungozoma ta koya mata. Ta lasa. "Kada ya fi hawaye gishiri."

Cokali-cokali ta yi ta ba ta, muna bisa amalanke za mu likita. Ni aka ba korar jaki, kunya kamar in nutse.

Kafin mu isa yarinyar ta tsala kuka, da hawaye shaɓe-shaɓe. Gwaggo ta shafo su da yatsa ta miƙo mini.

"Ɗanɗana, malam. Ka riƙe awon."