Kwaɗon da Yaya Ya Saya Mana

Yayana dillali ne a kara, kasuwar shanu, kafin ciwon ƙafa ya zaunar da shi, kuma har yau da idon dillali yake kallon duniya. A wurinsa ba a sayen saniya sai da wanda zai tsaya, mutum mai gida da iyali a gari, wanda zai ce wannan ba ta sata ba ce, in ta zama ta sata a zo a kama ni. A ba shi la'adarsa, kowa ya kama gabansa. Ban ce tsarin banza ba ne, da shi aka ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Amma da wannan tunanin ya kashe mini cinikin da na fi sa wa rai, kuma har gobe ina jin zafin abin.

Man kaɗe muke sayarwa, ni da shi. Mahaifiyarmu Bakambariya ce daga wani ƙauye can wajen Kumbashi, ƙanwarta kuma, wadda muke kira Inna, tana can har yanzu. Inna da matan unguwarsu su ke tsintar kaɗanya da damina, su dafa, su shanya, su daka, su yi ta tuƙi har man ya taso. Shekara da shekaru 'yan sari ke zuwa musu a babura ranar kasuwa, su kwashe a farashin da suka ga dama. Mu muka fara karɓo kaɗan kaɗan muna zubawa a robobi masu tsabta, a wani ɗan shago a nan Kontagora. Jarin na Yaya ne, wahalar tawa.

Ni na buɗe mana shafin intanet, da ɗan abin da na koya a makarantar kwamfuta. Ba wani abin a zo a gani ba ne: hotunan man, yadda ake yin sa, da lambar wayata. Kamfanin da ke riƙe mana shafin yana ba da satifiket na tsaro kyauta. Shi ne ke sa hoton ɗan kwaɗon kulle ƙofa ya fito kusa da adireshin shafi, mai shigowa ya san abin da ya rubuta ba zai faɗa hannun wani a hanya ba. Na kunna, kwaɗo ya fito, kuma in wa'adinsa ya kusa da kansa yake sabuntawa. Da murnata na kai wa Yaya wayar ya gani.

"Nawa kika biya?" in ji shi.

"Kyauta ne, Yaya."

"Kyauta? Wa ya ba ki? Ɗan gidan waye?"

Na ce ba mutum ba ne, tsari ne da aka yi wa kowa. Ya ajiye wayar a kan benci kamar na miƙo masa abin tsintuwa.

"To in ɓarawo ya shigo, wa za mu kama?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce da na kyautar da na kuɗin aikin rufewa ɗaya suke yi. Na ce na kuɗin ya fi dacewa da bankuna da manyan kamfanoni masu son a tantance sunansu, mu kuwa ko kwabo ba ma karɓa a shafin, kira ake yi a turo ta banki. Ya bari na gama, sannan ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya tsaya wa dukiyar wani ba a ba shi komai ba, kuma ba a kan dukiyarsa za a fara ba.

Akwai ɗan wani abokinsa na kara, magidanci mai shagon gyaran waya kusa da tasha. Aka kira shi. Ya zo da tabarau da jakar kwamfuta, ya saurari Yaya yana gyaɗa kai.

"Gaskiyarka ne, Alhaji. Na kyautar nan ai na masu gwaji ne."

Na kalle shi, ya kawar da kai. Ya san ƙarya yake yi, ya san na sani. Yaya ya sa na ba shi kalmar sirrin shafin, ya cire nawa kwaɗon, ya sa na shekara guda da aka biya. Ya kuma canza kalmar sirrin, wai saboda tsaro. Kwaɗon da ya fito bai bambanta da na jiya da komai ba, amma Yaya ya yi ta nuna wa mutane a majalisa yana cewa yanzu akwai mai tsayawa.

Shafin ya yi aikinsa. Da damina ta zagayo, wata mata a Legas mai haɗa sabulu da man shafawa ta gan mu, ta kira. Na aika mata roba ɗaya a mota, ta gwada, ta ce shi take nema. Tana son duk abin da ƙauyen zai iya fitarwa a wannan shekarar, a farashin da Inna ba ta taɓa jin irinsa ba. Washegari na hau mota zuwa ƙauye. Na tara matan a tsakar gidan Inna na ce kada wadda ta sayar wa 'yan sari ko ludayi ɗaya.

Lokacin tsakiyar damina ne, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Da kuɗin man nan suke auno abinci. Inna ta dube ni ta ce:

"'Yata, kin tabbata? Yara suna cin abinci kullum fa."

Na ce na tabbata. A kan maganata suka kori 'yan sari kasuwa bayan kasuwa, suna tara man a bokitai a ɗaka.

Ranar da matar Legas za ta turo kafin alƙalami, abokin kasuwancinta ya ce bari ya duba mu tukuna. Ya buɗe shafin, sai ga jan gargaɗi ya cika fuskar kwamfutar: wannan shafin ba shi da tsaro, ɓarayi na iya sace bayananka. Shekarar da aka biya ta cika, kuma shi wannan ba ya sabunta kansa. Ta kira ni muryarta a sanyaye. Ta ce an taɓa damfarar ta ta irin wannan hanyar, amma za ta ɗan jira in gyara.

Aikin da ba zai ɗauke ni tsawon shan shayi ba ne, da ina iya shiga shafina. Mai tsayawar tamu ya rufe shago ya koma Abuja. Waya na ringin ba ya ɗauka. Na nemi kamfanin da ke riƙe da shafin, suka ce za su aika saƙo ta adireshin mai shi, ashe adireshin ma mai gyaran wayar ya mayar da shi nasa. Na je kara da ƙafata, mace a tsakiyar shanu da dillalai, na sami mahaifinsa. Ya ce in kwantar da hankalina, zai yi masa magana. Ranar da ɗan nasa ya ga damar ɗaukar waya, cewa ya yi ai sai an sake biya. A lokacin matar ta riga ta sayi manta a wani wuri.

Na sami Yaya a ƙofar gida yana shafa magani a ƙafa. Na faɗa masa komai, ban tausasa ko kalma ɗaya ba. Sai ya ce:

"Ko ba komai dai mun san ɗan gidan da ya yi mana. Da na kyautar ne, wa za mu kama?"

"To tashi ka je ka kama shi, Yaya."

"Haba ke kuwa! Ɗan abokina? A kan abin waya?"

Ban taɓa jin na tsani ɗan'uwana ba sai a wannan ranar, kuma ba a ranar abin ya sake ni ba.

Ni kaɗai na koma ƙauye, don ni na yi alkawarin. 'Yan sari sun riga sun ji labari, sun san man ya taru kuma babu hatsi a gidajen, suka karya farashin ƙasa da na bara. Ina tsaye matan suka yi ta fitowa da bokitai a ka, suna wuce ni zuwa bakin hanya inda baburan suke. Wasu sun gaishe ni, wasu ba su ko kalle ni ba.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ba ni ruwa, ta tambayi lafiyar Yaya da ƙafarsa. Da na tashi tafiya ta raka ni har bakin danga, ta riƙe mini hannu.

"'Yata, baɗi in za ki zo, ki zo gaisuwa. Kada ki zo da magana."