Takarda Biyar da Suka Rage Mini

Akwatin hoton na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Da shi ya ci abinci shekara da shekaru, yana bin kasuwanni daga Cadawa zuwa Gazawa har Gangara, yana ɗaukar mutane hoton da za su manna a takardun buro, wato na ofisoshin gwamnati. Akwati ne na katako bisa ƙafa uku. A gabansa akwai ido na gilashi, an haɗa shi da akwatin da wata baƙar fata mai naɗe-naɗe irin ta zugazugin maƙera. A gefe kuma akwai baƙin hannun riga da ake zura hannu ciki. A cikin akwatin ake aje takarda, a cikinsa ake wanke ta cikin ƴan faranti biyu na ruwan magani, da laluben hannu, don kada haske ya taɓa ta. Hoton farko yakan fito a juye, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Sai an sake ɗaukar wannan a wata takarda sannan mutum ya fito da kamarsa.

Da Kawu ya rasu ba wanda ya kula da akwatin a cikin ƴaƴansa. Ni na ɗauko shi daga bayan rumbu, lokacin ina koyarwa a lakol, makarantar boko. Ban taɓa yin sana'a da shi ba. Bayan na aje aiki sai ya zama abin ɗebe mini kewa. Ranar Jumma'a da safe nakan fito da shi tsakar gida in goge idon, in shafa wa fatar man kaɗe kamar yadda wani baduku ya koya mini, in leƙa ciki ko haske na shiga ta wata kafa. Wani lokaci in ɗauki rumbuna, ko gawon da ke bakin gonata, ko raƙumin da aka durƙusar. Takardar kuwa wani tsohon mai hoto a Maradi ya ba ni ragowar tasa ranar da ya rufe shago, tare da garin maganin wanki. Ya gaya mini in yi tattali, shi kansa bai san inda ake samun irinta ba yanzu. Na yi tattalin, amma duk da haka ta yi ta raguwa har ta koma guda biyar, na naɗe su cikin baƙar leda na ɓoye a ƙasan akwatin tufafina.

Yayata ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. A Gidan Rumji ta yi aure, a can ta tsufa. Shekaru kaɗan da suka wuce karkarwa ta kama ta. Ta fara da hannun dama, daga baya ta hau har kai, kullum kan yana kaɗawa kamar mai cewa a'a. An kai ta asibiti a Maradi, aka ba ta magani, aka ce zai sassauta amma ba zai warkar ba.

Bayan an cire amfanin gona, babbar ɗiyarta, wadda ke jinyarta, ta kira ni a salula. Ta ce Inna tana son in zo da akwatin Kawu in ɗauke ta hoto. Na ce ai salularki ta fi akwatin nan fitar da mutum. Ta ce ta gaya mata haka, ta ƙi. Hoton mahaifiyarmu guda ɗaya tak ne a duniya, Kawu ya ɗauke shi da wannan akwatin, yana rataye a ɗakin Yaya. Irinsa take so, a rataye shi kusa da na uwarta.

Tun ina riƙe da salular na san inda matsalar take. Akwatin nan ba ya ɗaukar hoto cikin ƙiftawar ido. Sai ka cire marufin idon da hannunka, ka ƙirga huɗu, sannan ka mayar. Cikin wannan ƙirgen duk abin da ya motsa ya ɓaci. Na san wannan sarai. Duk da haka na ce mata ina tafe ranar Asabar.

Na shiga mota daga Cadawa da akwatin bisa cinyata, ƙafafun a ɗaure saman mota. Na canza wata a Maradi, muka bi ta Tibiri. Da hantsi na isa. Na tarar Yaya ta riga ta shirya tun safe. Ta ɗaura zanen saƙi da ta daɗe tana ajiya, an sa mata kwalli, an ƙunsa mata lalle tun jiya. Tana zaune bisa kujera ƴar tsugune a inuwar zaure, kan yana ta kaɗawa.

“Auta, ka zo da shi?” ta ce, tun kafin mu gama gaisawa.

“Na zo da shi, Yaya.”

Ta sa aka kawo mata akwatin gabanta. Ta shafa katakon da hannunta mai rawa, ta ce har yanzu yana warin Kawu. Warin magani ne, amma ban gyara mata ba.

Na kafa ƙafafun, na dama magani da ruwan randa, ɗiyarta ta rataya tabarma a bango ta zama baya. Na leƙa ta bayan akwatin na daidaita. A gilashin ciki mutum yana fitowa kai ƙasa, ƙafa sama, haka na ga yayata, ƴar ƙarama, kan yana lilo. Na ce mata ta yi ƙoƙari ta tsaya cik har in ƙirga huɗu. Ta ce to. Na cire marufi, na ƙirga, na mayar. Na zura hannu na wanke takardar ina lalube, sannan na fito da ita na tsoma a bokiti.

Zanen ya fito tsaf, ana iya ƙirga zarensa. Tabarma ta fito, kujera ta fito, har lallen ƙafarta. Inda fuska take kuwa sai wani abu kamar hayaƙi.

Ban nuna mata ba. Na ce gwaji ne, kullum na farko haka yake. Ɗiyarta ta leƙa bokitin, ta dube ni, ta gane. Ita ta kawo dabarar ta durƙusa bayan kujera ta tallafe ƙeyar uwarta ta ƙarƙashin mayafi. Muka yi haka. Da na wanke sai na ga fuskar ta ɗan taru, amma idanu huɗu ne, baki biyu. Karkarwar ta fi ƙarfin hannun da ke riƙe da ita.

A na uku na ce mu fita cikin rana, don in haske ya yi yawa ƙirga biyu ya isa. Muka ɗaga ta da kujerar muka kai tsakar gida. Rana ta dake ta, ta runtse ido, gumi ya fara jiƙa kwallin yana gangarowa. Ga ƙoƙarin tsayawar da take yi, shi ma ƙara mata karkarwar yake. Ina ganin jijiyoyin wuyanta sun miƙe. Wannan ma bai yi ba, ya fi na biyu muni.

Muka mayar da ita inuwa, aka ba ta ruwa, rabi ya zube bisa zanen. Ta daɗe tana numfashi. Can ta ce, “Ni ce ke ɓata maka takarda ko?”

Na ce a'a, akwatin ne ya tsufa.

“Kada ka yi mini ƙarya, Auta. Ni na koya maka magana.”

Na zauna ƙasa kusa da ƙafarta kamar yadda nake yi ina yaro. Takarda biyu suka rage, ɗaya dole in bar ta don juya hoton. Saura gwaji guda ke nan.

Ɗiyarta ta ce ta lura in Inna ta shagala da wani abu, ko barci ya fara ɗaukarta, kan yakan lafa. Sai muka bari har bayan la'asar. Muka jingina ta da bango, aka sa mata tasbaha a hannu, muka yi kamar mun manta da hoton, muna hirar damina da ta mutanen Cadawa. Na riga na sa takarda, hannuna yana bisa marufin. Da na ga kan ya yi sanyi na cire a hankali. Ɗaya, biyu, uku. Wata akuya ta yi kuka a bayan danga, Yaya ta waiwaya.

Na wanke shi duk da haka. Rabin fuska ne, kumatu ɗaya da kunne da ɗan gefen baki, sauran ya shafe. A cikin huɗun shi ya fi dama. Na kafa shi gaban idon akwatin na ɗauke shi a takardar ƙarshe, na wanke, na shanya bisa igiya. Da ya bushe na kai mata.

Ta riƙe shi da hannu biyu, yana rawa, ta kawo shi dab da idonta. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce zanen ya yi kyau. Sannan ta miƙa wa ɗiyarta ta ce a sa mata cikin kwalla, kada a rataye, sai na samo wata takardar an sake.

Na nema. Na zaga masu hoto a Maradi, yawancinsu samari, ba su ma gane abin da nake nufi ba. Na aika a tambaya mini a Katsina da Kano, na ba wani direba da ke zuwa Yamai saƙo. Wani ya kawo mini takardar da ake bugawa da inji, ba ita ba ce. Duk zuwan da na yi Gidan Rumji a shekarar sai ta tambaye ni, in ce ana nan ana nema.

Yanzu ba ta iya zama sai an tallafe ta, maganarta ma sai ɗiyarta ke fassara mini. Zuwana na baya-bayan nan na tarar ana ba ta kunu da cokali. Na karɓi kwanon na ce bari in gwada. Cokali uku na kai mata, biyu suka zube a ƙirjinta. Ɗiyarta ta ce in kawo, ita ta saba. Na miƙa mata, na koma bakin ƙofa na zauna har lokacin motar Maradi ya yi.