Kurmin da Sefer Ya Hana wa Gatari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 17 ga Afrilu, da hantsi, maƙwabcina Sefer ya rasu a kan gadonsa bayan doguwar jinyar ƙirji. Na gaji da zaman makokin tsararrakina, Sefer, amma naka ya fi yi mini nauyi, domin ka tafi a watan da na fi bukatarka.

Gidana ne na ƙarshe a saman gari. Daga shi sai kurmin da ka gada, daga kurmin sai gangaren dutse, inda dusar ƙanƙara ke jibge tun farkon hunturu. Kowa ya san halinta a Afrilu: rana ta dake ta, ruwan sama ya ratsa ta, ta jiƙe har ƙasa, sannan ta zaftaro gaba ɗaya. Ba abin da ke tsakaninta da rufin ɗakina sai itatuwanka.

Ban manta shekarar da hanya ta toshe, itacen wuta ya ƙare wa kowa ba. Ka tsige dangarka ka faskara. Marigayiya Hatija, matarka, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Kana zaune a gindin kurmi kana ƙona danga? Gobe kuma sai ƙofa, ko?"

Ka ce, "In ta kama, har gadonki. Itacen can ba namu ba ne, na masu kwana ƙarƙashinsa ne."

Rabin dangar nan a murhuna ya ƙare, don a lokacin yarana ƙanana ne, ubansu kuma yana can Jamus wajen aiki.

Duk safiyar Afrilu sai ka haura da sandarka, ka caka ta cikin dusar. In ta shige har mariƙi ta fito tana ɗiga, sai ka ƙwanƙwasa tagata, ka ce, "Zumra, gahawar yau a gidan 'yarki za ki sha ta." Ina mita ina tattara kaya, na sha ce maka mai baƙin baki. Shekarar da dusar ta zo da gaske, ta kakkarya sahun farko na itatuwan, sauran suka tare ta. Da na dawo, ko kwano bai kife a gidana ba.

Ba zan ɓoye maka ba. Ko addu'ar bakwai ba a yi ba, na hango babban ɗanka Avdo a kurmin tare da wani mai injin katako, suna shafa wa itatuwa jan fenti. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Goggo, kada ki damu, tsofaffin kawai za a cire." Tsofaffin ne kuwa ke riƙe da dutsen. Ni kuwa ƙarfin gardama ya ƙare mini.

Allah Ya jiƙanka, Sefer, Ya yafe maka kurakuranka, Ya tsare ka daga azaba yadda ka tsare mu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Avdo da ƙanwarsa Mevlida da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri. Kurmi naku ne, ba mai ja. Roƙona ɗaya: kafin ku ɗaga gatari, ku zo ku sha gahawa a bakin tagata, ku ɗaga kai ku dubi sama. Dusar bana tana nan ba ta sauko ba, kuma tun ranar Alhamis ɗin nan babu mai ƙwanƙwasa mini taga.