Katin Uwaisu da Firizar Adawiyya

Idan ka yi wa Malam Uwaisu sallama a bakin tashar Adjamé, can babban birnin nan na bakin teku da ake Faransanci, zai amsa maka, amma sai ya fara duban hannunka tukuna. Mutum ne da ko lemo aka ɓare masa sai ya shinshina. 'Yan dakon tashar sun sa masa suna Sai-na-gani, kuma sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Abin da ya dame shi kawai shi ne wa ya fara faɗa, kuma da wace manufa.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Yana saurayi ya sauka a tashar nan daga Gusau, da jakarsa da sabuwar hularsa, zai je wurin kawunsa mai goro. Wani bawan Allah mai fara'a ya tare shi da Hausa garau, ya ce, "Ɗan'uwa, kawo in riƙe maka ka yi alwala." Uwaisu ya yi alwala mai kyau, har da tsefe gemun da bai fito ba. Jakar dai har yau ana riƙe masa.

Daga ɗaurin goro a rumfar kawu ya koma rakiyar fatake cikin kasuwa, daga nan Allah ya buɗa masa ya kama gida mai ɗakuna a bayan tasha, ya zama mai masauki. Duk ɗan kasuwar da ya taso daga Arewa sarin atamfa ko goro, in yana son ya koma gida da kayansa da hankalinsa, gidan Uwaisu ake nuna masa. Zai ba ka ɗaki da tabarma da buta, ya yi maka tafinta, ya gaya maka dillalin da za ka gaisa da shi da hannu ɗaya, ɗayan yana kan aljihu. Zai kuma ara maka layin waya, tunda ba a sayar da layi sai da katin shaida, baƙon da zai yi 'yan kwanaki kuwa ba shi da lokacin wannan. Layukan duk da sunan Uwaisu aka yi musu rajista, kuma ta cikinsu cinikin baƙinsa yake bi. Don haka katinsa na zaman ƙasa ya fi ƙarfin kati a wurinsa, amanar mutane ce. Aljihu na musamman tela ya ɗinka masa a cikin 'yar shara, telan ma ba a gaya masa abin da za a sa ba.

Matarsa Adawiyya 'yar unguwar Treichville ce, 'yar mahauta, a nan aka yanke mata cibi. Faransancinta ya fi Hausarta gudu, amma in faɗa ya tashi duka biyun suna aiki. Ranar da za ta sayi layinta na farko, Uwaisu ya ce mata masu shagunan nan cutar mata suke yi, ta bari ya yi mata. Ya yi mata kuwa, da sunansa.

Sana'arta zoɓo da lemun citta, tana ƙullawa a leda ana kai wa matafiya. Tun da tsohuwar firizarta ta yi tari ta mutu, kullum da safe sai ta ɗauko ƙanƙara a ka daga can bayan kasuwa, kafin ta iso gida rabi ya bi ta wuyanta. A tsakanin tafasar tukunya da hucewarta ne ta koyi wani wasa na waya da matan unguwar suka ɗauka, wasan jera 'ya'yan itace, mangwaro kusa da mangwaro, abarba kusa da abarba. Ba a zuba ko sisi. Tallar sabulu da ta dunƙulen miya kawai ake kallo, wanda ya fi kowa maki a wata kuma a ba shi kyauta, ya je da ƙafarsa ya karɓa.

"Wa yake biya?" in ji Uwaisu.

"Masu talla, Malam."

"Su kuma wa yake biyan su?"

"Masu sayen sabulu."

"Wato ni. Da kuɗina za a yi miki ƙoto. Banza ba ta kai zomo kasuwa, Adawiyya. Wanda bai san sunan kakanki ba, ba ya ba ki kyauta don Allah."

Ita dai ba ta ɗaga kai ba, abarba ce ta kusa cika.

Wata ranar Laraba yana tsaka da karin kumallo ta zo ta tsaya a kansa tana murmushi irin wanda ba ya so.

"Malam, ina taya ka murna. Ka ci firiza."

"Ni?"

"Ga shi an rubuto. Monsieur Uwaisu. Ka zo ofishinsu na Arras, a Treichville, da katinka, kai da kanka, ba aike. Ashe gwani ne kai a jera mangwaro."

Ya ajiye kofin shayi. Ya karɓi wayar ya duba gabanta, ya juya ya duba bayanta. Layi da sunansa, kyauta da sunansa, mutanen da bai taɓa gani ba suna kiran sa wani lungu ya zo musu da katinsa. Ya ce ba za shi ba. Ta ce to. Sai dai washegari da ta dawo da ƙanƙara, a gabansa ta tsaya ta matse mayafinta, ruwan ya yi hanya har ƙarƙashin tabarmarsa. Jibi ma haka. Ran nan ya ce ta shirya, zai je ne don ya nuna mata ƙaryarsu da idonta.

Shirin da ya yi, wani bai yi shi ba don zuwa Hajji. Ya tuɓe babbar riga ya sa wata tsohuwar taguwa don kada a ɗauka yana da wani abu. Ya bar wayarsa a gida. Ya tsaya wurin maƙwabcinsa Lukumanu mai nama ya ce in la'asar ta wuce bai gan su ba, ya san abin yi.

"Me zan yi?" in ji Lukumanu.

"Ka dai san abin yi."

"Ranka ya daɗe, firiza za ka karɓo ko fansa za ka kai?"

A woro-woro, motar haya da ake cusa mutum huɗu a ce kowa ya zauna da kyau, Uwaisu ya naɗe hannu a ƙirji tun daga Adjamé har suka hau gada. Direba ya tambaye shi ko zuciya ce take damun sa. Adawiyya ta ce e, tun suna amarci. Da suka shiga Treichville bai yarda an sauke su a ƙofar wurin ba, sai can gaba, suka dawo da ƙafa yana duba kowace taga ta gidajen benen Arras.

Ofishin yana ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran babur da tela. An kafa tuta mai hoton mangwaro yana dariya. Suna isowa wata mata ta fito rungume da fanka sabuwa fil, tana ta godiya da Diyulanci, yaren kasuwar garin.

"Ka gani ko?" in ji Adawiyya.

"Na gani. Tasu ce. Ta bayan gida za ta zagaya ta mayar."

A ciki akwai tebur, da wata budurwa mai gilashi, da wani dogo riƙe da kyamara, da kwalaye jingim. Budurwar ta miƙe ta gaishe su da ladabi, ta duba wayar Adawiyya, ta kira shi Tonton, wato kawu, ta ce da Faransanci, "Tonton, kai ne zakaranmu na wannan wata? Barka." Ta nuna wani ƙaton kwali a kusurwa.

Uwaisu ya ce a buɗe. Aka buɗe. Firiza ce, fara tas, da ledarta. Ya ƙwanƙwasa gefe, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce a jona. Aka jona, ta yi gurnani, ya sa hannu ya jira har sanyi ya kama yatsunsa. Nan fa hankalinsa ya ƙara tashi. Da kwali ne babu komai a ciki, da ya gane irin mutanen da yake tare da su. Amma wanda ya sayi firiza ta gaske don ya kama ka, ba ƙaramin abu yake nema ba.

Adawiyya kuwa ta riga ta gama auna ta da ido. Zoɓo a dama, citta a hagu, sama kuma ƙanƙarar sayarwa.

"Saura kati, Tonton," in ji budurwar. "Sai hoto ɗaya, ku tafi da kayanku."

Ya juya musu baya, ya laluba ƙarƙashin taguwa har aljihun 'yar shara, ya fito da katin ya ɗaga shi daidai fuskarsa. "Ga shi. Ga ni. Duba mu."

"Na gani, kai ne. Kwafi zan ɗauka, gaba da baya."

"Kwafin a ina zai kwana?"

"A cikin fayil."

"Fayil ɗin a ina?"

"A kabad."

"Makullin kabad a hannun wa?"

Dogon mai kyamara ya yi dariya, ya kira shi tsoho da Faransanci, ya ce, "Le vieux, ba matsala a nan. Kowa haka yake yi."

"Kowa ba mai masauki ba ne," Uwaisu ya faɗa da Hausa, don shi kaɗai.

Ya sha jin labarin yaran damfarar intanet, waɗanda ake kira burutar a garin nan. An ce da kwafin katin mutum sukan je su ce layinsu ya ɓata, a ba su sabo, duk abin da yake kan layin ya koma hannunsu. Bai taɓa gani da idonsa ba, amma an rantse masa an yi wa wani dillalin shanu a mayanka. A daidai wannan lokaci akwai baƙi a gidansa, ɗaya daga Funtuwa ya zo da jarin 'yan'uwansa kaf, kuma layin da yake aljihun mutumin da wannan kati aka yanke shi. Yarinyar nan mai gilashi ba ta yi kama da ɓarauniya ba. To, ɓarawon da ya yi kama da ɓarawo ai yunwa ce za ta kashe shi.

"Ku rubuta lambar da hannu," ya ce.

"Ba a karɓa, Tonton. Masu tallar sai sun ga shaidar mun bayar. Ba kwafi, ba firiza. Ba ni na kafa dokar ba."

"To ku ɗauki nata. Ita ta yi wasan."

"Layin da sunanka yake."

Adawiyya ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya. "Malam, don girman Allah. Ban taɓa roƙon ka zinari ba. Dubi wuyana, ko juya shi ba na iya yi da safe. Abin nan da yatsana na same shi, ban ci na kowa ba. Takarda ɗaya ce."

Ya dubi wuyan. Gaskiya ta faɗa, ya sani. A hankali ya miƙa hannu, budurwar ta kama gefen katin. Ta ja kaɗan, katin bai zo ba. Ta ƙara ja, ta dube shi ta saman gilashi. Suka tsaya a haka, ita riƙe, shi riƙe, firiza tana gurnani a kusurwa.

"Tonton, sai ka saki."

"Ba nawa ba ne ni kaɗai, 'yata," ya ce, ya janye hannunsa. Ya sake juya musu baya ya mayar da katin gidansa.

Budurwar ta ce wa Adawiyya, "Yako, Tanti," wato sannu da wannan rashi, Gwaggo, ta sa dogon ya cire wayar firiza daga bango.

A waje ya jira ruwan masifa da harsuna biyu, bai samu ko ɗigo ba. Ta wuce gaba, yana bin ta, har wani shagon layuka a bakin titi. Ta buɗe jakarta ta fito da nata katin, wanda take da shi tun kafin ya san hanyar gidansu, ta miƙa wa mai shagon ba tare da ta tambayi inda kwafi zai kwana ba.

"Adawiyya, za su cuce ki."

"To su cuce ni da sunana, Malam."

Ta zare tsohon layin ta ɗora masa a tafin hannu. Makin da ta tara duk ya tafi da shi, ta koma farkon wasa kamar sabuwar shiga. A woro-woro ta dawowa sai ƙarar mangwaro kake ji daga wayarta, yana faɗawa kan ɗan'uwansa.

Firiza ba ta sake zagayowa ba. 'Yan wasan sun ƙaru, yara masu saurin yatsa sun cika shi, ita kuma tana da tukunya a kan wuta. Uwaisu dai tun daga makon nan shi yake ɗauko ƙanƙara da safe, a kafaɗa, da gemunsa fari. In an tambaye shi yakan ce 'yan dako da gangan suke tsayawa a rana don ta narke. Baƙinsa na zuwa suna komawa lafiya, shi kuma har yau bai san ko ya tsallake tarko ba ne ko kuwa firiza ya bari a Arras. Duk wanda ya ce masa mutanen kirki ne, sai ya ce haka ake so a ce.

Kwanan baya ta zo a cikin na ƙasa-ƙasa da ake ba ƙananan kyaututtuka. Ta shirya ta tafi Treichville ita kaɗai, ta dawo da filas mai furanni. Ya ƙi taɓa shi har sai da ya ga ta sha daga ciki, Lukumanu ya sha, baƙon Funtuwa da ya sake zuwa sari ya sha, ba wanda ya faɗi. Sannan wata rana bayan la'asar ya miƙo kofin shayinsa yana kallon wani wuri.

"Tun asuba na zuba," in ji ta. "Da zafi ko ba zafi?"

Ya kurɓa, ya juya shi a baki.

"Da zafi," ya ce. "Shi ne abin da ban gane ba."