Baba, Ɗaga Idonka

Wata Talata ce, ranar kasuwar Diffa, ana saura makonni kaɗan a koma makaranta, shekarar da zan shiga ajin ƙarshe na firamare. Innata ta aike ni in kai kuɓewa da yakuwa gidan su Zuwaira, ƙawata ta aji. Ina sauke kwano a tsakar gida sai na ji wata mace ta ƙwala ihu da Faransanci daga ɗakin yayanta Lawali. Na leƙa. A kan tebur ga wani akwati kamar talabijin, a cikinsa ga wani tsohon Bature kwance kan darduma, jini ya jiƙe masa riga. Na ja da baya ina salati. Lawali ya bushe da dariya, ya ce, "Shigo, Yagana. Wannan ba kallo ba ne, wasa ne. Mu za mu gano wanda ya kashe shi."

Su Zuwaira ƴan kasuwa ne daga Damagaram, babansu yana da kanti bakin kasuwa. Mu kuwa manoman tattasai ne tun kaka da kakanni, gonarmu tana gaɓar kogin Komadugu, Kanuri muke yi a gida, Hausa a kasuwa da gidan ƙawaye. Lawali ya dawo hutu daga Yamai da tsohuwar kwamfuta da wannan wasa a faifai. Mutanen ciki ba zane ba ne, mutane ne na gaske da aka ɗauka a hoto mai motsi. Kai ne mai binciken, ba a nuna fuskarka. Ka zaɓi wanda za ka tuhuma, ka zaɓi tambaya, sai ya juyo ya ba ka amsa kamar yana zaune gabanka. A gefe akwai littafin mai bincike, yana cika da kansa da abin da aka lura. Mutum huɗu ake zargi, amma biyu kawai suka zauna mini a rai: ƴar mamacin, da mai yi masa aikin lambu.

Mako biyu muka yi a kansa. Da na gama ɗebo ruwa da wanke-wanke, na kai wa Baba abinci gona, sai in zarce can da gudu, ƙafafuna duk laka. Kowa a gidan da ra'ayinsa. Lawali ya ce ba a taɓa yin wasa kamarsa ba, domin a nan fuskar mutum ce hujja. Zuwaira ta ce zamba ce kawai, fim ne aka yayyanka ana sayar mana da guntu-guntu, ga shi in ka maimaita tambaya sai mutum ya maimaita amsa har da tarin da ya yi ɗazu. Kakarsu Hajiya kuwa, wadda take leƙowa da carbi a hannu, abu ɗaya ne ya dame ta. "Mako biyu gawa kwance a falo," in ji ta, "ba wanka ba sutura, suna ta surutu a kanta. Ai dukansu ya kamata a kama." Muka yi ta dariya har Zuwaira ta ƙware.

Ni dai tun ranar farko na yanke hukunci. Ƴar mamacin ce. Mace ubanta na kwance ba rai, ba ta zubar da hawaye ba, ta ɗora ƙafa kan ƙafa, ta tsura wa mai bincike ido ƙyar kamar sa'anta. A unguwarmu yarinyar da ta yi wa babba irin wannan kallo sai an yi kwana uku ana zancenta. Mai lambun kuwa dattijo ne mai kaushin hannu. Yana shigowa zai cire hula, ya riƙe ta a ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya yi magana a hankali. Na san wannan tsayuwar. Haka Baba yake yi gaban mai gari da liman da duk wanda ya girme shi ko da kwana ɗaya ne. Na ce wa Lawali wannan mutum ɗan gidan mutunci ne. Ya nuna mini littafin mai bincike, ya sa na karanta da bakina. An rubuta: ya ƙi haɗa ido da ni, akwai abin da yake ɓoyewa. Na ce littafin bai san mutane ba. Muka yi ta musu, a lokacin musun daɗi ne.

Daga nan injin ban ruwa ya ɓata. Gidaje biyar ne suka haɗu a kan inji ɗaya, kowane gida da makonsa, kuma makon Baba ne. Ya bar shi bakin gaɓa da yamma kamar yadda kowa yake yi, da safe babu shi. Lokacin an gama dashe, tattasai yana ƙarami, kogi yana ta cika. Muka koma jan ruwa da bokiti, ni da ƙannena da Inna, muna zubawa fangali bayan fangali, kafin mu kai ƙarshe na farkon ya bushe. Wani maƙwabcinmu a gona, Malam Gaji, ya fara cewa ai tsallaken kogi ba nisa, kuma inji ba ya tafiya da ƙafarsa, wato dai Baba ne ya tsallakar da shi ya sayar. Maganar ta yi ta girma har ta kai ofishin jandarma. Aka kawo wa Baba takardar kira, ni na karanta masa, domin ni kaɗai ce mai karatun boko a gidan. Ranar Alhamis, ƙarfe tara na safe.

Ranar Laraba na je gidan su Zuwaira ba don nishaɗi ba. Na sa wa raina cewa in mai lambu ya kuɓuta, Baba ma zai kuɓuta. Hankalin yaro ke nan, amma ni a lokacin ba ni da wani abin riƙewa. Na roƙi Lawali mu kai ƙarshe yau. Muna tsakiya aka ɗauke wuta. Na zauna kan tabarma ina kallon baƙin gilashi, ko ruwan da Zuwaira ta miƙo mini na kasa sha. Bayan la'asar wuta ta dawo. Lawali ya bar ni na fara zaɓar mai laifi, na nuna ƴar mamacin. Ta yi wani murmushi, aka rubuta cewa mun yi kuskure. Sai Lawali ya nuna mai lambu. Na ga an sa wa dattijon ankwa, hularsa ta faɗi ƙasa, kiɗa ya tashi, aka rubuta ana taya mu murna. Lawali ya buga tebur ya ce, "Ban faɗa ba? Wajen mai kaki, wanda ya sunkuyar da kai ya gama amsa laifi." Bai san abin da ke gidanmu ba. Zuwaira ta sani, ta harare shi, amma maganar ta riga ta fita. Na bar takalmina a ƙofar ɗakin na ruga gida.

Na sami Inna tana tankaɗe, na faɗa mata komai ina haki. Ta ce in rufe mata baki, ana maganar mutuncin gida ina kawo mata wasan Turawa. Na nufi wajen Baba, yana zaune bakin zaure yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na sake gaishe shi. Ta yaya ƴar shekara goma sha ɗaya za ta koya wa ubanta inda zai sa idonsa? Ni kaina ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ya tambaye ni ko akwai magana, na ce babu. Na koma bayan rumbu na yi ta kuka.

Da safe ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya fita, na bi shi daga nesa ba da saninsa ba. Na laɓe jikin tagar ofishin. Ina gani ya cire takalmi a ƙofa, ko da yake ba wanda ya ce ya cire, aka nuna masa kujera ya ƙi, ya tsuguna ƙasa. Malam Gaji yana tsaye yana ta bayani da hannu, idonsa cikin idon jandarman. Da aka zo kan Baba, ya sunkuyar da kai ya soma magana a hankali. Sai na ga jandarman ya jawo littafi ya fara rubutu. Na san abin da ake rubutawa a irin wannan littafi. Ban san lokacin da muryata ta fita ba. "Baba, ɗaga idonka! Dube shi, Baba, don Allah dube shi!"

Aka shigo da ni ana riƙe da hannuna. Jandarman, wani dogo mai furfura a gemu, ya tambaye ni dalili. Na tsaya na kafa masa ido, karo na farko a rayuwata da na yi wa babba haka, na kwashe labarin mai lambu na faɗa masa, rabi da Hausa rabi da Faransancin makaranta, majina na zuba. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya juyo da littafin ya ce in karanta. Lambar inji ce, da launinsa, da ranar da ya ɓata. "Ƴata," in ji shi, "in da sunkuyar da kai laifi ne, da ubana zan fara rufewa." Ya ce babu shaidar da za ta sa a tsare kowa, a je a ci gaba da nema. Duk wannan abu Baba bai ɗaga kansa ba ko sau ɗaya.

A hanyar gida yana gaba ina baya, ina jiran duka. Bai doke ni ba. Sai da muka kai inda ake hango kogi ya tsaya, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Na ji abin da kika ji tsoro. Amma ni haka aka rene ni, ba zan canza saboda inji ba." Injin kuwa sai da ruwa ya janye da bazara aka gan shi cikin laka ƙasan gaɓa. Kogi ne ya ci gaɓar ya tafi da shi. Malam Gaji ya zo har zaure ya ba da haƙuri, shi ma kansa a ƙasa. Ban sake taɓa wasan ba, ko da yake Zuwaira ta ce akwai faifai na biyu.

Yau Baba ya daɗe da rasuwa, gonar ma an yi shekaru ba mai iya zuwa bakinta. Ina aiki a wani ofishi inda ake rubuta sunayen mutanen da tashin hankali ya raba da garuruwansu, kuma a wajen horo an koya mana mu riƙa kallon mutum cikin ido. Na iya, ai tun ina ƴar goma sha ɗaya na fara. Amma wani lokaci wani dattijo daga bakin kogi zai shigo, ya cire takalmi a ƙofa, ya ƙi kujera, ya sunkuyar da kai gabana shi da ya yi ƴa da ni. Sai in ji alƙalami ya yi mini nauyi. A irin wannan ranar ni ce nake sauke idona.