Irin Geron Kadidiya

Duk Takanamat an san Kadidiya da gaba da tsuntsu. Tun tana 'yar ƙarama ake ɗora ta kan rumfar gona da majajjawa da gwangwani, tana ihu har muryarta ta dishe, kuma da dishewar ta tsufa. Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonarsu, ko dami ɗaya ba a ɗaure ba. Tun daga nan ko kurciya ta yi kuka sai ta sha tsinuwa.

Da mijinta ya rasu, ɗanta Nafi'u ya ɗauko ta zuwa Tawa. Ta ce rani kawai za ta yi. Cikin kayanta akwai zangarniyoyin gero, iri ne da marigayin ya zaɓa da hannunsa a kakarsa ta ƙarshe. Ta naɗe su a tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado, tana jiran ruwan shuka.

Ashe gidan maƙiyanta aka kawo ta! Nafi'u, ɗan boko da bai taɓa yini a gona ba, ya ajiye kaskon ruwa gindin dogonyaro, yana watsa wa tsuntsaye tsaki. Da ya taso daga biro, wurin aikinsa, sai ya tsuguna da waya yana ɗaukar hoton ɓarayi, har da yi musu murmushi. Takaici ya ishe ta. Ta jefe su da takalmi, ta zubar da ruwan, washegari ya sake cikawa.

Wata Juma'a ta dawo daga gaisuwar mutuwa, tun daga ƙofa ta ji gidan ya kaure da cuwa-cuwa. Zangarniyoyinta ne rataye a reshe, tsuntsaye sun baibaye su.

"Inna, taho a hankali," in ji Nafi'u cikin raɗa. "Tsohon hatsi na iske ɗakinki, duk ƙura. Dubi wanga mai jan baki, ban taɓa ganinai kusa haka ba!"

"Ni na san shi," ta ce. "Irin ubanka ka ba su."

Ta ɗaga taɓarya ta ragargaza kaskon. Sannan ta kwance zangarniyoyin tana murzawa a tafi, ko ƙwaya ta ragu. Babu.

Ranar da ruwan farko ya sauka, Nafi'u ya ce zai sayo mata iri a kasuwa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ninke zanen nan wayam, ta mayar ƙarƙashin gado.